Gorar Ummi Ta Dawo a Cike

Mu biyar ne a ɗakin shugabar markaz ranar Larabar nan. Akwai ni. Akwai surukata Rukayya, matar babban ɗana, wadda ta shigo tana jan ƙafa kamar an kawo ta gaban alƙali. Akwai Hajiya Amna, Bahaushiyar Sudan, maƙwabciyata tun muna unguwar Ammariyya a nan Jidda, yanzu kuma Allah ya sake haɗa mu a layi ɗaya a Waziriyya. Akwai jikata Ummi, mai sunana, shekararta bakwai, ta rungume jakarta a ƙirji. Sai mai ɗakin, wadda yara ke ce wa Abla Widad, wato Malama Widad, yarinya ce da ba ta girmi autata ba. Baban Ummi ba ya nan. Ya ce aiki ya riƙe shi, ni kuwa na san abin da ya riƙe shi.

Markaz ɗin wuri ne da ake tara yara da rana idan an rufe makarantu don hutun zafi. Mota ta zo ta kwashe su da safe, ta dawo da su bayan azahar. A can a yi musu hadda, a ba su fenti su ɓata takarda, su yi guje-guje a babban ɗaki mai sanyi. Da aka fara zancen sa Ummi, ni ce na ce a'a. Yarinyar tana da sikila, ciwon da muka taso muna ce wa amosanin jini. Wanda bai taɓa riƙe ƙafar yaro mai wannan ciwo ba, yaron yana ihu ba abin da za ka iya yi masa, ba zai gane a'ar tawa ba. Ciwon ba ya son ƙishirwa, ba ya son sanyi mai ratsa ƙashi. A gida ni ce mai gadinta, kofi ba ya nisa da hannuna.

Amma zafin Jidda ba na fita ba ne. Uwarta tana ɗinki a wani shagon mata a Sharafiyya, ubanta yana fita tun sassafe, sai ni da ita a rufe, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnani a bango. Kullum da safe ta taka kujera ta leƙa ta taga ta ga jikokin Amna suna shiga mota. Ba ta cewa komai, sai dai in ga kafaɗarta tana rawa. Na daure, na daure, ƙarshe na ce a kai ta.

Ni nake cika mata gorar ruwa da hannuna. Ranar farko gorar ta dawo a cike, na ce wataƙila sun ƙara mata a can. Kashegari na tsinki ganyen na'ana'a na jefa ciki. Da ta dawo na buɗe, ga ganyen nan yana yawo a wuyan gora inda na bar shi, ruwan ya yi ɗumi. Na kama haɓarta na juya fuskarta wajen haske. Leɓenta ya bushe, farin idonta ya fara sauya launi.

Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai. Da ƙyar na tatso maganar. Ashe jakunkuna a wani ɗaki ake ajiye su, mai son ruwa sai ya ɗaga hannu ya faɗa wa abla a gaban kowa, haka ma mai son bayi. Sauran yara suna ta ɗagawa. Ita kuwa ta ce, "Kaka, ai kin ce ɗiyar gida ba ta roƙo a wurin mutane."

Na ba ta ruwa ta sha a gabana, na sa ta kwanta. Bayan magariba na zaunar da iyayenta, na tambaye su ko mutanen markaz sun san da ciwon yarinyar. Suka kalli juna. Ubanta ya ce in aka faɗa, mai yiwuwa su ce ba za su ɗauki nauyinta ba, a dawo da ita bakin taga. Rukayya ta ce, "Mama, wurin nan cike yake da 'ya'yan mutanenmu. In na faɗa wa abla yau, gobe maganar tana Kano. Mace ce fa, zancen zai bi ta har girmanta." Sannan ta ƙara da cewa ran Alhamis za a kai su wanka a tafkin yara, Ummi har ta ware kayanta.

Na tashi na buɗe tagar kicin, iskar waje ta bugi fuskata, mai nauyi, mai ɗanɗanon gishiri, kamar an huro daga bakin tukunya. Irin wannan iskar ce ta shekarar da azumi ya faɗo mana a tsakiyar zafi, muna Ammariyya, shekara arba'in ko fiye da suka wuce.

Gidan da muke ciki tsohon bene ne na dutse, an yanyanka shi ɗaki-ɗaki. Mutanen Kano a ƙasa, na Damagaram a tsakiya, 'yan Sudan a sama kusa da rufi. Mukayyif sai dai mu ji labarinsa a gidajen da muke aiki. Fanka muke da ita, ita ma sai wuta ta ga dama. Bangon gidan kansa gumi yake yi. Ka shanya zane da safe, da yamma ka same shi da danshi kamar ba a shanya ba. Ƙurajen zafi sun feso wa yara a wuya da baya, muna shafa musu garin sitaci, su fito fari fat kamar an tono su.

Famfon gidan ya ɗauke tun kafin watan ya kama. Ruwa sai na mota, ita kuwa motar ba ta iya shiga lungunmu. Da an sallame asuba mu ɗauki garwa da jarka mu fita bakin titi mu jera. Wata rana ta zo, wata rana rana ta fito ta kore mu ba ta zo ba. In an samu, ruwan kashi-kashi ne. Na sha a zuba a randa a rufe da faifai. Wanda aka wanke shinkafa da shi a wanke kwano. Wanda aka yi wa yaro wanka da shi a tare a baho a jiƙa buhu a rataye a taga, na ƙarshe a kai bayi. Ban taɓa ganin mace ta zubar da ruwa a ƙasa ba a shekarar, sai dai hawaye.

Dukanmu muna fita nema. Ni wanki da guga nake yi a gidan wasu Larabawa, wata tana soya gyaɗa, wata tana ƙosai don masu buɗe-baki. Makaranta a rufe, yara kuma ba a barinsu su kaɗai a ɗaki da risho. Sai muka ƙirƙiro abin da muke ce wa adashin yara. Kowace mace tana da ranarta da za ta zauna ta riƙe na kowa. Da safe uwa ta kawo ɗanta, ta kawo gutsuren gurasar tamis a ƙulle, ta juye gwangwanin ruwa guda a randar mai riƙo, ta tafi. Zubin ke nan.

A ƙarƙashin matakala muke tara su, don nan ne dutsen ƙasa bai cika ɗaukar zafi ba. Da hantsi a yi karatun allo, mai riƙo tana tsefe wa 'yan mata kai tana gyara wa mai kuskure. In rana ta take, a yayyafa ruwa a ƙasa a ce kowa ya kwanta, wanda ya motsa ya sha ranƙwashi. Lungu ya yi tsit, ko kyanwa ba ta gittawa, sai ƙarar ƙuda da numfashin yara. Mai riƙo ta jingina da bango, harshenta ya manne a ganɗa, tana fifita da murfin kwali, tana jiran la'asar kamar mai jiran baƙo daga gida. Bayan la'asar manyan su tsince shinkafa, ƙananan su ɓare tafarnuwa, sannan a hau rufi a jira iskar teku, in ta zo.

Akwai abin da ba mu lura da shi ba. Mace mai azumi ba ta zuwa kusa da randa. Ba ta son ta gan ta, ba ta son ta ji ƙarar moɗa. Don haka yaron da ya ce yana jin ƙishirwa a ce ya je ya ɗiba, wanda bai ce ba a ɗauka ya ƙoshi.

Ranar da abin ya faru, riƙon Amna ne. Tana amarya a lokacin, ba ta haihu ba, ta shiga adashin don neman lada. Ina gidan aikina ina guga, gumi yana ɗiga kan rigar mutane, aka aiko in zo asibiti. Babban ɗana ne, yana da shekara shida. An ce kowa ya tashi bayan la'asar, shi bai tashi ba. Jikinsa zafi rau, ba ɗigon gumi, ido ya juye. Amna ta saɓa shi a kafaɗa ta fita da gudu ba takalmi, kwalta tana tafasa. Da na isa an sa masa ƙarin ruwa, ita tana zaune a ƙasa, tafin ƙafarta duk ya yi bororo, tana kuka tana cewa shi ne ya fi kowa ladabi, tun safe ko tari bai yi ba. Da ya farfaɗo na tambaye shi me ya hana shi shan ruwa. Ya ce randar ba ta ɗakinmu ba ce.

Tun daga ranar muka sa doka. Duk mai riƙo, azumi ko ba azumi, sai ta jera yara a kai a kai, ta riƙa ba su moɗa ɗaya bayan ɗaya, idonta a kan maƙogwaron kowa har ta ga ya motsa. Mun yi hakan har ruwan famfo ya dawo, har iska ta sauya, ba wanda ya sake faɗuwa. Gidan ma an daɗe da rushe shi. Shi mai faɗuwar bai tuna komai ba yau, ban kuma taɓa ba shi labari ba.

To ga shi yanzu ruwa har a gora mai marfi, sanyi har yana sa mutum neman mayafi, mota har ƙofar gida, kuma 'yarsa ta wuni ba ta sha ba.

Da gari ya waye na sa abayata na ƙwanƙwasa wa Amna. Ina fara magana ta ce, "Yaya, bari in sa takalmi, wannan karon ba zan fita ba shi ba." Rukayya ta ga da gaske nake, ta kira shagonsu ta ce za ta makara. Muka bi motar yara a tasi. Zuciyata ba ta kwanta ba. In suka ce mu tafi da ita, Ummi za ta san ni na jawo. In magana ta fita, Rukayya za ta riƙe ni da ita har in mutu. Amma tafkin gobe yana raina, da ruwansa mai sanyi.

Ni ban iya karatu ba, takardun da suka liƙa a bango ba su gaya mini komai. Abin da na duba daban. Na ga ƙofar waje a kulle take, mace ce zaune a bakinta, sai da ta kira ciki kafin ta bar mu. Na ga bayin yara a wanke. Na ga babban ɗakin, yara zaune a kan darduma, mukayyif yana feso sanyi kai tsaye a gefen da Ummi ta rakuɓe, don can ne bayan kowa. Na sa aka kira ta, muka shiga wurin shugaba.

Na gaishe ta da Larabci, na gyara zama zan fara. Sai na dubi Rukayya. 'Yarta ce. Na rufe bakina na zuba mata ido. Amna ta fara gyaran murya. Can Rukayya ta faɗi ciwon yarinyar, a hankali, tana kallon tebur.

Abla Widad ba ta zaro ido ba. Ta tashi ta tura ƙofa ta rufe, ta dawo ta zauna kusa da Rukayya maimakon bayan teburinta. Ta ce da Larabci ba Ummi ce ta farko ba, kuma ba wanda zai kore ta. Sannan ta juyo gare ni, da wata Hausa mai karyayyar ƙafa ta ce, "Ya khala, don me ba ku faɗi tun awwal?" Khala, wato inna; ashe kakarta Bakatsiniya ce. Tana jin duk abin da muke ƙus-ƙus a kai tun shigowarmu.

Rukayya ta ce tsoron bakin mutane take. Abla ta ce maganar ba za ta wuce ita da malamar ajin da mai jinyar wurin ba. Ta ce ba za ta ware Ummi da gora a gefe kowa yana tambaya ba, daga yau kowane yaro gorarsa tana gabansa, kuma za a riƙa tsayar da wasa a ce kowa ya sha. Za a matsar da ita daga bakin sanyi. Batun tafki kuwa, a tambayi likitanta, in ya hana, akwai yaran da ba sa shiga ruwa, ana ba su wasa a inuwa, ba ita kaɗai za ta zauna ba.

Ban sake mata fuska ba tukuna. Na tambaye ta in ciwo ya tashi wa za ta kira, ta ce uwar, in ba a samu ba uban, in ya yi tsanani motar asibiti kafin kowa. Na tambaye ta yara nawa ne a kan malama ɗaya, ta faɗa, na ga ba su fi ƙarfin ido biyu ba. Na tambaye ta ta san alamar farko in zai taso wa Ummi? Ta ce ba ta sani ba, kowane yaro da irin nasa, in gaya mata. A nan ne na sake mata fuska. Da ta ce ta sani, da na kama hannun jikata mun tafi. Na gaya mata yadda take yin shiru fiye da shirunta, yadda take murza gwiwar hagu, yadda take ƙin miƙe ƙafa.

Amna ta ce, "Kuma in kun ba su ruwa ku kalli maƙogwaro, 'yar nan. Yaran gidan wannan baiwar Allah, in ba ki gani da idonki ba, ba su sha ba." Abla ta yi dariya har da riƙe baki. Na ce wa Amna ta kama kanta, a gaban yara muke. Ta ce ita ƙafarta ce ta biya kuɗin wannan magana, sai ta faɗa.

Za mu tashi, Abla Widad ta durƙusa a gaban Ummi, amma da ni take. Ta ce ruwa za ta iya ajiye mata a gaba, sanyi za ta iya kawar mata, sai dai ba ta ganin cikin ƙashi. In ciwo ya fara, dole yarinyar ta buɗe baki ta faɗa tun yana ƙarami. Ta tambayi Ummi za ta faɗa? Ummi ta kalle ni, ta kalli ƙasa.

Muka bar ta a can muka fito. A cikin tasi Rukayya ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kukanta, irin na wanda ya sauke kaya. Na bar ta. Da muka kusa gida ta ce, "Mama, ashe abin bai kai haka ba." Na ce ta share fuska ta tafi aikinta, ta kira likitan kafin ya tashi. Likita ya ce Ummi ta je tafkin, ta sa ƙafa a ruwa in rana ta ɗumama shi, kada ta nutsa jikinta, a tafi mata da tawul babba. Bayan azahar Ummi ta dawo, gora ta yi rabi, leɓenta da laushi. Da yamma ubanta ya shigo yana satar kallona. Na ce an gama, ba a kore ta ba. Ya zauna ya cinye tuwonsa har da neman ƙari.

Washegari, bayan na idar da asuba, na tashe ta tun kafin lokacinta. Na jawo kujera tsakiyar falo na zauna, na ɗora gorarta a cinyata na dafe. Na ce yau ni ce abla, ita kuma tana jin ƙishirwa. Ta tsaya tana murza gefen rigarta. Na ce ina jira. Ta motsa leɓe, ban ji komai ba. Na ce abla tana da yara da yawa a kanta, ba ta jin raɗa. Ta ɗaga hannu iya kafaɗa ta ce, "Abla, abgha moya," wato ina son ruwa. Na ce da wa take? Ta sake, ta sake, har muryar ta fito. Na miƙa mata ta sha. Sannan na ce yanzu gwiwarta ce ke ciwo. Nan ma muka sha fama. Ubanta ya fito da tawul a wuya ya tsaya bakin ƙofa yana kallonmu, na ce ya wuce, aji muke.

Da muka gama ta ce, "Kaka, wannan ba roƙo ba ne?"

Na ce, "A'a. Wannan ni na aike ki."

Mota ta yi ƙaho a ƙasa. Ta saɓa jaka, uwarta ta cusa mata tawul, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta ɗaga hannu sama sosai, da murya har maƙwabta na ji ta ce, "Abla, ina son cakulan."

Na ce, "Yalla, fice mini, marar kunya."

Na tsaya a taga har motar ta sha kwana. Sannan na sa abayata, na dafa ƙarfen matakala na sauka a hankali, na je kantin bakin layi na sayo mata babba, mai gyaɗa a ciki, na ɓoye a bayan tukunyar miya cikin firij.